Jamestown: tambayoyi da amsoshi kan garin da Turawan Ingila suka fara zama a Amurka

In aka ɗauko zancen yadda Amurka ta faro sai kaji ana cewa ai wasu bayin Allah ne da aka matsa wa kan addini suka shiga jirgin ruwa suka je suka kafa ƙasa. Toh akwai waɗannan ɗin, amma ba su ne farko ba, sun tarar da wasu a can da shekara 13. Na farkon 'yan kasuwa ne suka tura su, kuma tun daga ranar da suka sauka har wajen shekara 100 rigimarsu ɗaya ce, wa zai riƙe fartanya. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai da abin da ya sawwaƙa na amsa.

Wai shi Jamestown ɗin menene, a ina yake?

Wani ɗan tsibiri ne mai fadama a bakin kogin James, a jihar Virginia ta yanzu, kusan kilomita 60 daga inda kogin ya faɗa mashigin teku na Chesapeake. A watan Disamba 1606 jiragen ruwa uku suka baro Landan, Susan Constant da Godspeed da Discovery, kyaftin ɗinsu Christopher Newport, sai tsakiyar watan Mayu 1607 suka sauke kaya a wurin. Mutum 104 ne, maza da yara maza, ba mace ko ɗaya. Sunan sarkinsu James na ɗaya suka sa wa garin da kogin duka.

Su ne Turawan farko da suka zauna a yankin?

A'a. Mutanen Sifen sun kafa St. Augustine a Florida tun 1565. Su kansu 'yan Ingilan sun gwada a tsibirin Roanoke a 1585 da 1587 abin ya watse, rukunin ƙarshe ma ɓacewa suka yi. Jamestown dai shi ne na Ingila na farko da ya zauna da gindinsa. Masu gudun addinin nan na jirgin Mayflower sai 1620 suka iso Plymouth, can arewa nesa.

Gwamnatin Ingila ce ta tura su?

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Kamfani ne, sunansa Virginia Company, na attajiran Landan da wasu manya. Sarki takardar izini kawai ya ba su a watan Afrilu 1606, bai sa ko sisi daga baitulmali ba. Kai ka sayi hannun jari, ɗaya fam 12 da sule 10, ka zauna a gida kana jiran riba, wasu kuma su sa jikinsu su tafi. Abin da aka ce su nemo kuwa zinare da azurfa irin wanda Sifen ke kwasa a Meziko da Peru, da hanyar ruwa da za ta ɓulle zuwa Sin, da duk wani abu da zai shiga kasuwa. Da kuɗi suka ƙare har caca ta tikiti aka ba kamfanin izinin buɗewa a 1612 don ya tara na jirgi.

Wannan salo ai ba baƙo ba ne a wurinmu. Irinsa ne aka yi da Royal Niger Company na su Goldie, kamfani ya samu takardar sarauniya a 1886 yana ciniki yana mulki yana da sojojinsa, da abin ya fi ƙarfinsa gwamnati ta karɓe a farkon 1900. Abin da ya faru a Virginia kenan tun 1624, kaga tsohuwar dabara ce.

To da suka sauka wa ke ba da umarni?

Wallahi wannan abin dariya ne abin haushi. Kamfani ya rubuta sunayen mutum bakwai da za su zama majalisar mulki ya sa a akwati ya rufe, ya ce kar a buɗe sai an isa. Wato wata huɗu da wani abu ana kan teku ba wanda ya san waye shugaba. Da aka buɗe sai ga sunan John Smith a ciki, mutumin da tun a hanya aka tsare shi bisa zargin yana shirya bore. Su bakwai ɗin nan su za su zaɓi shugaba a tsakaninsu na shekara guda, kuma su za su iya tsige shi, kaga an haɗa gurmi tun daga gida.

Edward Wingfield aka fara zaɓa, wata huɗu kawai ya yi aka tsige shi a Satumba, har da zargin wai yana ɓoye abinci. George Kendall, shi ma ɗan majalisar, harbe shi aka yi. Bartholomew Gosnold wanda da shi aka faro tunanin tafiyar kuma shi ne mai iya sasanta su, cuta ta kashe shi tun watan Agusta. Sai a 1609 kamfani ya gane mulkin taron dangi ba zai yi ba, ya karɓo sabuwar takarda da ta ba shi damar naɗa gwamna ɗaya mai cikakken iko.

Me ya riƙa kashe su haka?

Ruwa ne kan gaba. Sun zaɓi wurin ne don jirgi na iya matsowa har a ɗaure shi a jikin bishiya, kuma in mayaƙan Sifen suka taho za a hango su, sannan ba kowa a wurin. Ba su tsaya sun tambayi kansu me ya sa 'yan ƙasa suka bar wurin ba kowa ba. Daidai nan ne ruwan kogi ke haɗuwa da na teku, da bazara sai ya zama ruwan gishiri mai yauƙi, ƙazantar da suka zubar kuma ba ta tafiya sai ta yi ta kai da komo a gabansu, shi suke sha. Atini da taifot da kumburi suka yi ta ɗibarsu, wata rana a wayi gari a ja gawa uku huɗu a binne. Ga fari kuma, don masana da suka duba zoben cikin tsofaffin itatuwa sun gano daga 1606 zuwa 1612 an yi farin da aka fi shekara 700 ba a ga irinsa ba a yankin. Da Newport ya dawo da guzuri a Janairu 1608, cikin mutum 104 ɗin nan 38 ya tarar da rai.

An ce wai ƙin noma suka yi, gaskiya ne?

Da gaskiya a ciki amma an ɗan ƙara gishiri. Fiye da kashi ɗaya cikin uku nasu 'ya'yan manya ne, irin waɗanda a ƙasarsu abin kunya ne a gan su da kayan aiki a hannu, sauran kuma akwai sojoji da masu sana'a da 'yan ƙwadago, manomi na gaske kaɗan ne. Kuma shi kamfani bai turo su noma ba, lissafinsa abinci zai riƙa zuwa daga gida, sauran a saya wurin 'yan ƙasa. A 1608 suka ga wata ƙasa mai ƙyalli kowa ya bar abin da yake yi aka koma tono da wankewa, aka loda wa jirgi aka kai Ingila, aka gwada aka ce ba zinare ba ne, ashe kallon kitse suke wa rogo. An kawo ma 'yan Folan da Jamusawa su yi gilashi da kwalta da tokar sabulu, duk ba abin da ya kawo kuɗin kirki.

Sannan mutumin da atini ya kwantar ga yunwa, ko ɗan waye shi ba zai iya sharar daji ba, wannan ma a riƙa tunawa.

Da John Smith ya hau shugabanci a Satumba 1608 sai ya kafa doka ɗaya, wanda bai yi aiki ba ba zai ci ba, sai dai in marar lafiya ne. Ya sa aka haƙa rijiya aka gina gidaje aka shuka masara, mutuwa ta ragu sosai a lokacinsa. Mutum ne mai cika baki, yawancin labarin bajintarsa daga alƙalaminsa ya fito, amma dai ya iya tafiyar da mutane. A Satumba 1609 jakar albarushi ta kama da wuta a cinyarsa, a Oktoba aka mayar da shi Ingila, bai sake taka Virginia ba.

Mutanen da suka tarar a ƙasar fa?

Ƙasa ce mai sarki. Sunansa Wahunsenacawh, Turawa na ce masa Powhatan, yana da ƙabilu wajen 30 a ƙarƙashinsa masu kawo masa gaisuwa da haraji, jama'arsa sun kai kamar 14,000, suna noman masara da wake da kabewa, matansu ne ke gona maza na farauta da kamun kifi. Da farko ya ɗauki baƙin nan a matsayin wata ƙaramar ƙabila da za ta yi masa amfani, ya ba su masara su ba shi tagulla da gatari da duwatsun ado, in da hali har da bindiga. Ba don masararsa ba da ba wanda zai kai 1608.

Akwai wani abu da ya faru a 1608 da nake jin daɗin labarinsa. Kamfani ya aiko da kambin sarauta da gado da alkyabba wai a naɗa Powhatan ya zama hakimin sarki James. Aka ce ya zo Jamestown, ya ce shi ma sarki ne kuma nan ƙasarsa ce, mai son ganinsa ya zo. Suka je. Aka ce ya durƙusa a ɗora masa kambi ya ƙi, aka yi aka yi, ƙarshe sai da aka danna kafaɗunsa ya ɗan sunkuya aka yi maza aka ɗora. Da aka gama sai ya ɗauko tsohon takalminsa da mayafinsa ya ba Newport tukuici.

Abin ya lalace ne da fari ya yi tsanani, su kansu ba su da rarar hatsi, Turawa kuma suka koma karɓa da bakin bindiga suna ƙona ƙauyuka.

Da gaske har naman mutum suka ci?

Eh, a hunturun 1609 zuwa 1610. Jirgin da ya ɗauko sabon gwamna Thomas Gates, mai suna Sea Venture, guguwa ta buga shi da duwatsu a Bermuda, sauran jiragen suka iso da ɗaruruwan bakuna ba abinci ba shugaba. Powhatan ya sa aka zagaye ganuwarsu, duk wanda ya fito neman abinci kibiya. Suka ci dawakai, suka ci karnuka da kyanwoyi da ɓeraye da macizai, suka dafa fatar takalmi, daga nan aka fara tono kaburbura. George Percy da ke riƙe da garin ya rubuta cewa wani ya kashe matarsa mai ciki ya barbaɗe ta da gishiri, aka kama shi aka kashe. An daɗe ana cewa ƙari ne, sai a 2012 masu tono suka samo ƙoƙon kan wata yarinya 'yar kamar shekara 14 a cikin juji tare da ƙasusuwan doki da kare, ga sawun wuƙa a goshi da muƙamuƙi.

Da su Gates suka haɗa ƙananan jirage biyu a Bermuda suka iso a Mayu 1610, mutum kusan 60 suka tarar kamar ƙwarangwal. A watan Yuni aka yanke shawarar a tashi kowa ya koma gida, wasu har suna so a cinna wa garin wuta Gates ya hana. Suna gangarawa a kogi sai ga saƙon Lord De La Warr, babban gwamnan da kamfani ya naɗa, ya iso da jirage da abinci da sabbin mutane, ya ce a juya. Da ya yi lattin kwana biyu da labarin ya ƙare a nan.

Daga nan wane irin mulki aka yi?

Mulkin soja tsantsa. Gates ya faro dokokin, Thomas Dale da ya zo a 1611 ya ƙara musu yaji. Ganga ake bugawa a fita aiki, ganga a tashi, ganga a shiga coci sau biyu a rana. Ka ƙi zuwa cocin karon farko a hana ka abincin ranar, na biyu bulala, na uku wata shida kana tuƙin jirgi. Sata kisa, ciniki da 'yan ƙasa ba izini kisa, yanka dabba ba izini kisa, mai gashin burodi in ya yi algus a yanke masa kunnuwa. Wani da ya saci ɗan garin hatsi da bai fi gwangwani biyu uku ba, basilla aka soka masa a harshe aka ɗaure shi a bishiya har yunwa ta kashe shi. Waɗanda suka gudu wurin mutanen Powhatan don neman abinci aka kamo su, wasu rataya wasu ƙonawa wasu harbi.

Ka tuna fa waɗannan duk ma'aikatan kamfani ne, ba su da gona ba su da gida nasu, abin da aka noma rumbu ɗaya ake zubawa a raba. Mai ƙwazo da malalaci kwano ɗaya, riba kuma in an samu ta masu jari ce a Landan. To wa zai kashe kansa?

To me ya ceci garin?

Abu biyu, fili da taba. Wajen 1614 Dale ya fara yanka wa wasu eka uku-uku su noma na kansu su biya kamfani da masara. Sakataren garin na lokacin, Ralph Hamor, ya rubuta cewa abin da mutum 30 ke nomawa a gonar haɗaka bai kai na mutum uku a gonar kansu ba.

Taba kuwa John Rolfe ne ya gwada a 1612. 'Yan ƙasa na da tasu amma tana da kaifi Turawa ba sa so, sai ya samo irin Trinidad da Kudancin Amurka mai daɗin sha. Ya aika ganga huɗu Landan a 1614 ta karɓu, zuwa 1617 an fitar da laba 20,000, a shekarar nan sabon gwamna Samuel Argall ya iso ya tarar coci ya lalace ganuwa ta zube amma ga taba an shuka har a kan titi da filin kasuwa. Sai da aka yi doka cewa sai ka shuka eka biyu na masara kafin ka taɓa taba, don mutane sun fi son su shuka kuɗi su kwana da yunwa. Shi sarki James ya tsani taba, tun 1604 ya yi rubutu yana zaginta, amma da kuɗin fito ya fara shigowa bai ce a daina ba. Taba ta zama kuɗi a Virginia, da ita ake biyan haraji da tara da albashin limamin coci.

Sai dai taba na da hali biyu. Tana cinye ƙasa, shekara uku huɗu gona ta mutu sai a nemi sabuwa, wato a ƙara kutsawa ƙasar mutane. Sannan tana son hannu, a yi reno a dasa a yi kunya a tsince tsutsa ɗaya bayan ɗaya a karya kai a yanka a rataya a shanya, shekara guda cur ba hutu. Duk abin da ya biyo baya daga waɗannan biyun ya fito.

Pocahontas fa, soyayya suka yi da John Smith?

Ba wata soyayya. Yarinya ce 'yar shekara 10 ko 11 lokacin da ta san shi, 'yar Powhatan ce mai zuwa da 'yan aike. A 1613 Argall ya yaudare ta ya sace ta don a yi garkuwa da ita, tana tsare ta shiga Kiristanci aka sa mata Rebecca, a Afrilu 1614 ta auri Rolfe mai taba, auren ya kawo zaman lafiya na 'yan shekaru. Kamfani ya kai ta Landan a 1616 don talla, a nuna wa masu jari cewa abin na tafiya. Ta rasu a Gravesend a Maris 1617 ana shirin komowa, tana da shekara 20 da 'yan kai, ta bar ɗa ɗaya Thomas.

Su waye suka yi wannan aikin tabar?

Shekaru 60 zuwa 70 na farko yawancinsu talakawan Ingila ne, barorin wa'adi. Ba ka da kuɗin jirgi, sai ka sa hannu a takarda cewa wanda ya biya maka za ka yi masa aiki shekara huɗu zuwa bakwai, ci da sutura da makwanci nasa, ba albashi. In wa'adi ya cika a sallame ka da masara da tufafi. A cikin wa'adin kuwa ubangidanka na iya sayar da takardarka ga wani, ko ya ci bashi da kai, har a caca an sha sa bara. Ba ka aure sai da izini, ka gudu a ƙara maka shekaru, mace ta yi ciki a ƙara mata. Da yawa ba su kai ƙarshen wa'adin ba ma, zazzaɓin shekarar farko ke tafiya da su.

Daga 1618 aka kawo tsarin da ya gina manyan masu gonaki, duk wanda ya biya kuɗin jirgin mutum ɗaya za a ba shi eka 50. Lura, wanda ya biya ake ba, ba wanda aka kawo ba. Ka kawo barori 20 ka samu eka 1,000 ga kuma masu noma maka ita, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. A 1619 ma hukumomin Landan sun tattara yara marasa galihu 100 daga titi aka loda su zuwa Virginia, aka ƙara wasu a shekara ta gaba.

Akwai wasiƙar wani yaro Richard Frethorne da ya rubuta wa iyayensa a 1623, har yanzu tana nan. Yana cewa tunda ya sauka ba abin da yake ci sai wake da kunu tsararo, burodi ɗaya mutum huɗu ke rabawa, wani abokin aikinsa ya sace masa mayafi ya sayar, ba shi da riga sai tsumma biyu. Yana roƙon babansa ko ya fanshe shi ko ya aiko masa da cuku da naman gishiri ya sayar ya fanshi kansa. Ya gudu daga gidan gara ya faɗa na zago.

Mata fa, yaushe suka zo?

Biyu suka fara zuwa a 1608, wata matar aure da 'yar aikinta Anne Burras, wadda ba a jima ba ta auri wani kafinta John Laydon. Amma maza sun yi musu yawa ƙwarai, kuma kamfani ya lura gwauro ba ya zama, in ya tara 'yar tabarsa sai ya koma gida. Sai a 1620 aka turo 'yan mata wajen 90, a 1621 aka ƙara wasu 50 da wani abu. Wanda ya auri ɗaya zai biya laba 120 na taba, daga baya ya koma 150. Ba sadaki ba ne, don ba ita ko iyayenta ake ba wa ba, kamfani ke karɓa a matsayin kuɗin jirgi, kuma tana da damar ta ce ba ta so.

Ita majalisar 1619 da Amurkawa ke alfahari da ita fa?

Kamfani ya ga sunan Virginia ya ɓaci a gida, ba mai son zuwa inda ake soka wa mutum basilla a harshe, sai ya soke dokar soja ya turo George Yeardley gwamna da umarnin a kira taro. Ranar 30 ga Yuli 1619 aka zauna a cikin cocin Jamestown, gwamna da mashawartansa na naɗi da wakilai 22 da aka zaɓo daga matsugunai 11, biyu aka hana su zama saboda ubangidan garinsu yana da takardar da ta ce doka ba ta hawa kansa. Kwana shida suka yi, zafi ya sa aka tashi, ɗaya daga cikin wakilan ma ya mutu ana cikin zaman. Abin da suka fara yankewa farashin taba ne, mai kyau sule 3 laba, ta biyu sule ɗaya da sisi. Sai dokokin hana zaman banza da caca da maye da ƙawa fiye da kima, da yadda za a tilasta wa barori cika wa'adi.

Gaskiya abu ne babba, daga nan zaɓen wakilai ya samu gindin zama a Amurka, kuma majalisar Virginia ta yau daga ita take ƙirga shekarunta. Amma ni dai ina ganin a riƙa faɗa da sauƙi. Gwamna na iya ƙin amincewa, kamfani a Landan na iya sokewa, kuma taron iyayen gida ne suna tsara yadda za su riƙe ma'aikatansu.

Baƙar fata na farko, daga ina aka kawo su? Akwai Hausawa?

Babu. Daga Angola suke, yankin masarautar Ndongo, masu jin Kimbundu, waɗanda yaƙin Fotugal ya kama. An loda kimanin 350 a Luanda cikin jirgin São João Bautista za a kai su Veracruz a Meziko, wasu jiragen 'yan fashin teku na Ingila biyu suka tare shi suka kwashi wasu. A ƙarshen Agusta 1619, ko wata guda ba a yi da tashin majalisar nan ba, ɗaya daga cikin jiragen fashin, White Lion, ya tsaya a Point Comfort da ke bakin kogin James da mutum 20 da 'yan kai, aka yi musayarsu da abinci. Daga yankinmu sai can gaba a ƙarni na 18 aka riƙa kai mutane da yawa Virginia, galibi ta tashoshin Kalaba da Bonny.

Bayi ne tun daga ranar ko su ma wa'adi aka ba su?

An sato su a matsayin bayi kuma an saye su, wannan ba gardama. Sai dai Virginia ba ta da rubutacciyar dokar bauta tukuna, shi ya sa wasu ƙalilan suka samu kansu. Anthony Johnson ya zo a 1621, ya samu 'yanci, a 1651 yana da eka 250. Amma duba yadda ƙofar ta riƙa rufuwa. A 1640 barori uku suka gudu tare aka kamo su a Maryland, kowa bulala 30, Bature ɗan Holan da ɗan Sukotlan aka ƙara musu shekara huɗu, John Punch baƙi aka ce shi har mutuwa. A 1662 majalisa ta ce ɗa matsayin uwarsa yake bi, saɓanin dokar Ingila da ke bin uba, wato ubangida ya yi wa baiwarsa ciki ya samu ƙarin dukiya. A 1667 aka ce shiga Kiristanci ba ya 'yanta bawa. A 1705 aka tattara duka aka yi kundi guda. Ita wannan majalisa da ake yabo ita ta rubuta su ɗaya bayan ɗaya.

A 1671 gwamna William Berkeley ya ba da lissafin cewa cikin mutum 40,000 akwai barori Turawa 6,000 da bayi baƙaƙe 2,000. Bayan nan ne ma'aunin ya juya, talakan Ingila ya rage zuwa don aiki ya samu a gida, mutuwa ta ragu a Virginia har sayen mutum na har abada ya fi riba, ga jiragen Royal African Company, kamfanin safarar bayi da aka kafa a 1672.

Yaya kamfanin ya ƙare?

Powhatan ya rasu a 1618, iko ya koma hannun ɗan'uwansa Opechancanough, wanda ya ga gonakin taba na cin bakin kogi gaba da baya, an ci moriyar ganga ana shirin yada kwaurenta. Safiyar 22 ga Maris 1622 mutanensa suka shiga gidajen Turawa kamar kullum da kayan sayarwa, wasu har aka karya kumallo da su, sai suka ɗauki makaman masu gida suka far musu. Mutum 347 aka kashe a rana ɗaya. Ramuwar ta fi muni, shekara goma ana ƙona masara da ƙauyuka, a 1623 an kira taron sulhu aka ba su giya mai guba wajen 200 suka mutu.

A Landan aka kafa kwamitin bincike, aka ga an tura mutum wajen 6,000 tun 1607 amma masu rai ba su wuce 1,200 da 'yan kai ba, masu jari kuma ba su ga riba ba. A Mayu 1624 kotu ta soke takardar kamfani, Virginia ta koma hannun sarki shi ke naɗa gwamna. Majalisa dai ta ci gaba da zama, har ta kai a 1635 manyan gari suka tasa ƙeyar gwamna John Harvey zuwa Ingila. Opechancanough ya sake gwadawa a 1644 yana tsoho tukuf ana ɗaukarsa a kan gado, aka kama shi a 1646, wani mai gadi ya harbe shi ta baya a Jamestown.

Wa ya ƙone garin?

Su da kansu. A 1676 barorin da suka gama wa'adi sun yi yawa, fili mai kyau duk manya sun kame, farashin taba ya faɗi, haraji ya yi nauyi, tun 1670 kuma an hana marar gida ko gona zaɓe. Wani matashi ɗan gata Nathaniel Bacon ya ja su, buƙatarsa a ba shi izini ya yaƙi duk 'yan ƙasa, na amana da na gaba, a kwashe filinsu, Berkeley ya ƙi. Don haka kar a ɗauke shi wani gwarzon talakawa. Ranar 19 ga Satumba suka cinna wa Jamestown wuta, wata guda bayan nan atini ya kashe Bacon, boren ya watse, Berkeley ya rataye mutum 23. Abin da ya fi tsorata masu gonaki shi ne rukunin da ya ƙi ajiye makami har ƙarshe, bayi baƙaƙe 80 ne da barori Turawa 20 a sansani ɗaya.

Yanzu me ya rage a wurin?

An sake gina garin, ginin majalisa ya sake ƙonewa a 1698, a 1699 aka mayar da babban birni Williamsburg, Jamestown ya koma gonaki. Abin da ya rage a tsaye na wancan ƙarni hasumiyar coci ce ta jan bulo. An daɗe ana cewa kogi ya cinye ainihin ganuwar, sai a 1994 masanin tonon kayan tarihi William Kelso ya fara tono kusa da hasumiyar ya ci karo da ramukan ginshiƙanta, yawancinta na nan a tudu, an fito da rijiyoyi da sulke da lofen taba da kaburbura. Yanzu kuma ruwa ne ke barazanar shanye tsibirin.

Jikokin mutanen Powhatan ma suna nan. Ƙabilun Pamunkey da Mattaponi na zaune a ɗan filin da yarjejeniyar 1646 da ta 1677 suka bar musu, kuma duk shekara a watan Nuwamba shugabanninsu kan ɗauki barewa su kai gidan gwamnan Virginia a Richmond, harajin da yarjejeniyar ta ce su riƙa biya.